Jakin da Ya San Ranar Ruwa

Akwai abin da mutum yake mantawa ko da ya so ya riƙe shi, akwai kuma wanda ko ya so ya manta, mutanen garinsu ba za su bar shi ba. Nawa irin na biyun ne. Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da shekarar da na mayar da jakina malamin duba ba, na kwashi irin tumatir na rani guda, nawa da na wani bawan Allah, na ɗora a kan kukansa. Kuma kada wani ya ce ƙuruciya ce. Lokacin da gemuna, da iyalina, har kirana ake yi sasanta rigimar iyakar gona.

Gonarmu tana can ƙarshen layin ruwa, tsakanin Kura da Bunkure. Duk wanda ya yi noman rani a ƙarshen layi ya san abin da nake nufi: sai na gaba sun sha sun ƙoshi, sannan abin da ya rage ya gangaro maka. A shekarar kuma abin ya haɗu da aikin yashe kanal, don ciyawar kachala ta cinye wurare da yawa, sai ya zama ruwan ba shi da rana. Yau a sako, gobe a ɗauke, sai ka fitar da rai sannan ka gan shi. In ya zo ma ba ya daɗewa, kafin ka nemo 'yan dashe ka ciro iri, na sama sun tare shi. Akwai mai buɗe mana ƙofar ruwa, wani mutum mai fara'a daga wani ƙauye can gaba da mu. Kowa yana da lambarsa, amma mun gaji da kiransa da yamma, don amsarsa ɗaya ce: "Gobe in Allah ya yarda." Ba laifinsa ba ne, shi ma sai da asuba ake gaya masa an sako.

Jakin nawa ba wani abin kallo ba ne. Ɗan tsamurmuri ne, kunne ɗaya a karye, aikinsa kai taki gona da ɗauko harawa. Rago ne na ƙin ƙarawa, ko kuka ƙyuyar yi yake. Turkensa yana bayan gida, jikin wata guntuwar katanga, bayan katangar kuma 'yar hanya ce da ta bi gefen kanal. Wata safiya mun fito daga sallar asuba, ina zaune wajen mai shayi a ƙofar gida, sai na ji ya ɓarke da kuka kamar ana yanka shi. Na ce ko maciji ya gani. Amma ni mutum ne da ba na barin shayi ya huce, sai da na shanye na zagaya. Na tarar da shi lafiya lau, yana motsa baki, kunnen nan mai lafiya a miƙe. Na zage shi na tafi harkar gabana. Wajen azahar sai ga ruwa.

Ban kawo komai a raina ba. Aka kwana biyu, ba kuka ba ruwa. Sai wata safiyar ya sake ɓarkewa, ruwa ya sake zuwa. Da abin ya maimaitu na fara lura, na ga wallahi bai taɓa saɓawa ba: ranar da ya yi kukan nan na sassafe ruwa yana zuwa, ranar da ya yi shiru ko ɗigo ba a gani. Na ɗauki maganar na kai majalisarmu, aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Wani ya ce in nema masa aiki a ofis, a ba shi hula. Na haɗiye abina. Rannan muna zaune da shayi a hannu ya yi kukansa, na miƙe tsaye na ce, "Jama'a, ku shaida, yau akwai ruwa." Kafin la'asar kowa yana cikin gonarsa da fartanya yana juya ruwa a fangali. Daga ranar dariya ta ƙare.

To fa, nan kaina ya fara girma. Mutum zai gaishe ni da safe, kafin ya tambayi iyali sai ya ce, "Me mutumin ya ce yau?" Ni kuma in gyara murya in ce, "Yau bai ce komai ba, ku je ku yi wata sabgar." Mata suka fara aiko masa da dusa. Wani ya zo takanas daga Bunkure yana son ya saya, na ce ya nemi wani abin, wannan ba na sayarwa ba ne. Har ta kai na daina ɗora masa taki, wai kada a gajiyar da shi hankalinsa ya rabu biyu. Ni nake tura baro zuwa gona ina gumi, shi yana inuwa yana korar ƙuda da wutsiya.

Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne, duk wanda ya tambaye ni yadda yake yi, ban taɓa cewa ban sani ba. Da farko na ce da kofato yake jin motsin ruwa a ƙarƙashin ƙasa, tun daga madatsar ruwa ta Tiga. Da wani ya ce Tiga ai da nisa, sai na ce to da hanci ne, ƙamshin ruwan yake shaƙa a iska. Wani a majalisa ya ce ya taɓa ji a rediyo wai a wasu ƙasashe dabbobi suna sanin za a yi girgizar ƙasa kafin a yi. Kai, ranar kamar an ba ni kyautar riga! Na kama wannan na riƙe, kullum sai na faɗa, har na fara ƙara masa gishiri. Motsa bakin nan da nake tarar da shi yana yi, na ce lissafi ne. Karyayyen kunnen ma ban bar shi ba, na ce ta nan sirrin yake.

Mutum ɗaya ne bai taɓa tambayata me mutumin ya ce ba, shi ne yayana da muke uwa ɗaya uba ɗaya. Ba shi da yawan magana, kuma in zai yi ba ya ɗaga murya. Wata rana muna dawowa daga gona ya ce, "Ni ban ce ƙarya kake yi ba. Yana kuka, ruwa yana zuwa, na gani da idona. Amma kafin ka kai shi Tiga, ka taɓa zama kusa da shi da asuba, ka ga me yake gani, me yake ji?"

Na ce, "Haba Yaya, kai dai ba ka son a ce abin ƙaninka ya yi fice."

Ya ce, "Jaki ne fa. Abin da ya dami jaki bai wuce cikinsa da turkensa da sanda ba. Ka fara dubawa a nan kusa. In ka duba ba ka samu komai ba, sai ka wuce gaba."

Na ɗauki maganar hassada. Kuma ban je na zauna ba, don lokacin kukan shi ne daidai lokacin shayi, shi ne kuma lokacin da ake taruwa a kalle ni a ji hukunci.

Ana haka lokacin dashen tumatir ya yi. Irina na rene shi a bayan gari kusa da wata rijiya, ya yi kyau shar, har ya fara neman wuce lokaci. Ƙa'idar da muka taso muka tarar ita ce, ba a cire iri sai an ga ruwa ya shiga fangali da ido. Matsalar kawai, in ka jira ka gani, kowa ma ya gani, sai a hau rububin 'yan dashe, mai ƙafa da baki ya kwashe su. Ni kuwa da nake da labari tun asuba, me zai sa in jira? Na tsara abina: ranar da ya yi kuka zan kwashe 'yan dashen tun kowa bai farga ba, mu cire iri da sanyin safiya, mu jera a bakin gona, ruwa yana shiga muna dasawa. Har na hango tumatirina ya riga na kowa isa kasuwa.

Maƙwabcin gonata wani dattijo ne, abokin marigayi mahaifinmu. Ƙarfinsa ya ƙare, 'ya'yansa maza ba sa gari, 'yar gonar nan ita ce cinsa da shansa na shekara. Shi ma ya reni irinsa kusa da nawa, da ƙyar, yana jan guga yana hutawa. Ya same ni har gida ya ce, "Ɗan nan, ni ba ni da ƙafar bin 'yan dashe. Ranar da jakin naka ya yi magana, ka haɗa da nawa." Na bugi ƙirji na ce, "Baba, ka je ka kwanta ka yi barci. An gama."

Ranar ta zo. Kukan da ya yi a safiyar nan ya fi na kullum tsawo, na ce lallai yau ruwan mai yawa ne. Na shiga gida ɗaukar buhuna, uwargidana ta ce, "Malam, ba ka kira mai ruwan ka ji ba? Yanzu ai ya san ko an sako." Gaskiyarta, da safe ne kaɗai amsarsa take da amfani, ga waya a aljihuna, ga kati a ciki. Amma sai na dube ta na ce, "Shi mai ruwan ai gaya masa ake yi. Nawa kuwa ba wanda yake gaya masa." Na fice ina jin na yi magana.

Muka cire irin nan kaf, nawa da na Baba, ko ƙwaya ɗaya ban bari a ƙasa ba. Muka kai gona muka jera a inuwa, muka lulluɓe da jiƙaƙƙun buhuna. Hantsi ya yi. Ina ta zirga-zirga a bakin 'yar hanyar ruwan da ta shigo gonakinmu, hannuwa a baya kamar mai duba aiki. Azahar ta yi, na ce yana hanya, ruwa mai yawa ai a hankali yake tafiya. Muka yi salla muka dawo. 'Yan dashe suka miƙe a gindin mangwaro, wani har da minshari. Rana ta buɗe sosai, buhunan suka bushe, muka yayyafa musu ɗan ruwan shan da muka zo da shi, suka sake bushewa. Hanyar ruwa kuwa ƙadangaru ne kawai suke tsere a cikinta.

Ban damu da masu wucewa suna tambayata ko mutumin ya yi kuskuren lissafi ba. Abin da ya tsaya mini a rai Baba ne. Yana tsugune gaban irinsa, sai ya ɗaga gefen buhu ya duba ganyen da suka fara langaɓewa, ya mayar ya rufe a hankali. Can an jima ya sake ɗagawa. Bai ko kalle ni ba. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da la'asar ta yi na zagaya bayan mangwaro inda ba mai ganina, na kira mai buɗe ruwa. Ya ɗauka, ina jin hayaniyar mutane a bayansa. Na ce, "Malam, ya maganar ruwan yau?"

Ya ce, "Ruwa? Ai babu ruwa. Wani gefen kanal ne ya zabtare can sama, an rufe sai an gyara, kuma ba aikin yau ko gobe ba ne. Ni ma ina Madobi wajen sunan ɗan ƙanwata."

Ni da bakina, babba da ni, na ce, "Amma jakina ya yi kuka da safe."

Ya ce, "Wane jaki?" Can ya ce, "Kai, tsaya! Mai karyayyen kunnen nan na bayan katanga, naka ne? Ai mutumina ne! Duk ranar da zan je buɗe ƙofarku ta nan nake bi, in tsaya in fere rakena, in jefa masa ɓawon da guntun da ya rage. Tun daga nesa in ya ji ƙarar mashin ɗina yake fara kuka. Yau ma ta nan na yanke don ta fi mini kusa, na ba shi rabonsa."

Na jingina da mangwaro. Shi kuwa bawan Allah bai san abin da ake ciki ba, sai na ji ya kwashe da dariya ya ce, "Af! Wai shi ne jakin da ake ta labari ya san ranar ruwa? Wallahi ni ma na ji, ina ta cewa wata rana zan zo in gan shi!"

Ashe duk lissafin nan da nake gani yana yi da baki, ɓawon rake yake tauna.

Tafiyar da na yi daga gindin mangwaro zuwa inda Baba yake tsugune ba ta da nisa, amma ban taɓa yin mai nauyinta ba. Na durƙusa na gaya masa komai, har raken. Ya daɗe yana kallon buhunan, sannan ya ce, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Yanzu ya za mu yi da waɗannan?"

Labari ya riga ya kai wa yayana. Sai ga shi da jarkoki, nasa da na aro. Na jira ya ce ai na gaya maka, bai ce ba, har yau kuma bai taɓa cewa ba. Ya dubi irin, ya dubi rana, ya ce, "Rijiyar bayan gari ta yi nisa da tiyo, sai dai a ɗauko a jarka. Abin da za mu iya ɗaukowa ba zai riƙe gona biyu ba. Zaɓi ɗaya." Ai babu wani zaɓi. Na je gida na kwance malamin duba daga turke, na ɗora masa akumarin da ya daɗe bai gani ba, na rataya masa jarkoki. Ya juyo ya kalle ni kamar ni ne na cuce shi.

Muka dasa na Baba a busasshiyar ƙasa, kowane tushe a haƙa masa ɗan rami a zuba masa kofi guda. Muna yi har magariba. Washegari da safe muka sake, da yamma muka sake, haka muka yi ta yi, ni da Yaya da jaki, har ranar da aka gyara kanal ruwa ya dawo. Kafaɗuna suka saluɓe, jakin ya rame, wasu tushen suka mutu duk da haka, amma mafi yawa suka kama. Nawa kuwa yana nan ƙarƙashin buhu. Na yi ta yayyafa masa ruwa ina yaudarar kaina, ya yi rawaya, ya yi yauƙi, ya fara wari, na kwashe na zubar a juji. Na sake sabon reno, amma lokaci ya riga ya ƙure, zafi ya riske shi yana fure, furen ya zube. A ranin nan ban kai ko kwando ɗaya kasuwa ba.

Kun san taurin kai irin nawa? Duk da haka akwai wani ɗan lungu a zuciyata da yake cewa wataƙila dai akwai wani abu. Na gaya wa Yaya, ya ce, "To gwada mana. Ba wuya." Rannan mai buɗe ruwa ya shigo garinmu da rana tsaka, ranar da ba ruwa ba labarinsa, na roƙe shi aron mashin ɗinsa. Na hau na zagaya na biyo 'yar hanyar gefen kanal. Tun ban hango katangar ba na ji ya ɓarke da kuka. Na tsaya na leƙa. Ya miƙo wuya ya shinshina hannuna na dama, ya shinshina na hagu, ya ga ba rake, ya juya mini baya. 'Yan majalisa da suka biyo ni kallo, har da wanda ya zauna a ƙasa don dariya.

In za a yi wa jakin adalci, yana da nasa wayon. A cikin mashinan da suke wucewa ta garinmu safe da yamma, ya ware ƙarar guda ɗaya ya riƙe, ya san ita ce mai zuwa da zaƙi. Ni da nake zaune a ƙofar gida da kunnuwa biyu lafiyayyu ban taɓa ware ta ba. Wannan shi ne iyakar abin da ya sani, kuma ya san shi da kyau. Ni ne abin ya yi wa ƙanƙanta, don ba a tara mutane a ba su labarin jaki mai son rake.

Da tumatir ya nuna, wata yamma ina zaune a zaure sai na ji sallama. Baba ne, da ɗan kwando a ka, yana tafe yana hutawa. Na tashi da sauri na sauke masa. Tumatir ne jawur, zaɓaɓɓe, na ɗiban farko. Na ce, "Baba, wane irin abu ne wannan? Ni da na kusa kashe maka shekara?" Ya ce, "Kai ka shayar da shi da kafaɗarka. A kai wa iyali su yi miya." Na rasa inda zan sa fuskata. Sai da ya tafi na zauna na share ido da hannun riga.

Abin da wannan al'amari ya koya mini ke nan. In aka ce mini wata dabba ta san wani abu, saniya ce ko tsuntsu ko akuya, ba na musu, ba na kuma yin kabbara. Nakan tambaya tukuna: me take gani a lokacin, me take ji, wa yake zuwa kusa da ita, me take samu ta ci? Bayanin da ya fi sauƙi shi nake fara gwadawa, sai ya faɗi sannan in nemi wanda ya fi shi, ko da hakan ba zai sa kowa ya ce mini sannu da ilimi ba. Wanda ya fi daɗin faɗa a gaban jama'a na riga na bi shi na ga inda ya kai ni. A shekarar nan, ni manomin tumatir ɗan manomin tumatir, miyar gidana da na hannun tsohon da na kusa jefawa cikin yunwa aka yi ta.